Tukunyar Gas a Gidan Haya: Nauyin Maigida da Amanar Ɗan Haya

 

Wanda ya shiga gidajen haya na Tamale da yamma, a Sabonjida ko Aboabo, ko Zogbeli, ko Zangon Hausawa, zai ga yadda girki ya sauya a ɗan lokaci kaɗan. A da, murhun itace ne a tsakar gida, sai kurfoti da gawayi a bakin kowace ƙofa. Yau kuwa kusa da kurfotin nan akwai tukunyar gas, ƙarama mai kilo 6 ko babba mai kilo 14.5. Wata a baranda take, wata a bayan ƙofa, wata kuma a cikin ɗakin da mutum biyar ke kwana. Gida ɗaya yakan ɗauki iyalai takwas ko goma, rufi ɗaya ya haɗa ɗakunansu, ƙofar fita kuma ɗaya ce tak. Tambayar da ba a cika yi ba sai bayan an yi asara ita ce: wane ne ke da alhakin tabbatar da cewa tukwanen nan ba su zama sanadin halakar mutanen gida ba, maigida ko ɗan haya?

Yadda gas ya shigo gidajenmu

Gwamnatin Ghana ta fara kwaɗaitar da jama'a yin girki da gas tun wajen 1990, domin rage saran itatuwa da ƙona gawayi, matsalar da ta fi tsanani a nan arewa. A 2013 aka ƙaddamar da wani shiri na musamman don karkara, inda aka riƙa raba ƙananan tukwane da murhu kyauta. Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna kusan gida 37 cikin 100 a faɗin ƙasa da gas suka fi yin girki, ko da yake yankunan arewa suna can baya. Burin hukuma shi ne a kai rabin al'umma nan da 2030. Wannan alheri ne, domin hayaƙin itace da gawayi ya daɗe yana cin ƙirjin iyayenmu mata da idanunsu. Sai dai galibin gidajen hayarmu an gina su ne tun lokacin da babu wanda ya yi tunanin za a shigo da tukunyar gas ɗaki.

Ƙasar nan ta ɗanɗani ɗacin gas. Ranar 7 ga Oktoba 2017, gidan sayar da gas ya fashe a Atomic Junction, kusa da Madina a Accra, mutum 7 suka rasu, fiye da 130 suka jikkata. Bayan wannan ne gwamnati ta yanke shawarar komawa tsarin musayar tukwane, wato mutum ya kai wadda ta ƙare ya karɓi cikakkiya da aka duba a masana'anta. Hukumar kula da harkar man fetur ta ƙasa, NPA, ita ke jagorantar tsarin, kuma a hankali ake aiwatar da shi. Amma muddin mutum shi ke riƙe da tukunyarsa, yana kai ta a cika masa, to lafiyar tukunyar tana wuyansa. Kuma ko da an kawo masa sabuwa fil, tsarin musaya bai shafi tiyonsa da tagar ɗakinsa ba.

Halin gas da ya kamata kowa ya sani

Gas ɗin girki ruwa ne a cikin tukunya, saboda matsin da aka yi masa. Da ya fito sai ya koma iska, ya kumbura kamar ninki 250. Ya fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka ba ya tashi sama ya watse, ƙasa yake bi kamar ruwa, ya taru a ƙarƙashin gado, a lungu, a cikin kwata. Jariri da ke kwance a tabarma ya fi kowa kusa da shi. Idan ya kai kamar kashi 2 cikin 100 na iskar ɗaki, ɗan tartsatsi daga makunnin lantarki ko ƙyastawar ashana ya isa ya tayar da ɗakin. Asalinsa ba shi da wari, kamfanoni ne ke zuba masa sinadari mai ɗoyi don hanci ya ankarar da mutum.

Zafi ma yana da nasa tasiri. A watannin Maris da Afrilu zafin Tamale yakan kai digiri 40, kuma ruwan gas yana ƙara kumbura idan ya ji zafi. Shi ya sa ba a cika tukunya maƙil, ana barin kamar kashi ɗaya cikin biyar babu komai. Wanda ya roƙi mai sayarwa ya ƙara masa kan ƙa'ida, sannan ya ajiye tukunyar a rana, ya sayo wa kansa haɗari ne da kuɗinsa.

Akwai kuma guba marar wari da wuta ke fitarwa idan iska ba ta ishe ta ba. Lafiyayyen harshen gas shuɗi ne. Idan ya koma rawaya yana baƙanta gindin tukunya, murhun yana bukatar gyara. Wannan gubar ce ke kashe masu shigar da kurfoti ɗaki su rufe ƙofa da taga a sanyin hunturu. Tana farawa da ciwon kai da jiri, sai barci mai nauyi wanda wani ba ya tashi daga gare shi.

Abin da doka ta ce, a can da nan

A Birtaniya, dokar 1998 ta wajabta wa duk mai ba da hayar gida ya sa ƙwararren da hukuma ta yi wa rajista ya duba kayan gas da ya sa a gidan sau ɗaya kowace shekara, ya ba ɗan haya takardar sakamako cikin kwana 28, ya kuma adana ta shekara biyu. A Faransa, daga 2018 duk mai ba da haya dole ya haɗa takardar binciken gas da yarjejeniyar haya idan kayan sun haura shekara 15. A waɗannan ƙasashe bututun gas a jikin gini yake, mallakar maigida.

A Ghana lamarin ya sha bamban. Dokar haya da ake aiki da ita ta 1963 ce, an yi ta tun gas bai shiga madafar talaka ba. Ta fi mayar da hankali kan kuɗin haya, da sharuɗɗan tayar da ɗan haya, da hana karɓar kuɗin gaba fiye da na wata shida, hanin da kowa ya san ba a cika kiyayewa ba. Kuma a nan tukunya da murhu galibi na ɗan haya ne, da su ya zo, da su zai tafi. Wannan ya sa masu gidaje da yawa ke ganin babu ruwansu. Amma wutar da ta tashi a ɗakin haya ba ta tsayawa a ɗakin da aka biya wa kuɗi. Rufin maigida take ci, da kayan maƙwabta, wani lokaci har da rayukan 'ya'yan maigidan da ke zaune a sashe ɗaya na gidan.

Malaman fiƙihu sun riga sun shimfiɗa ƙa'idar da ta dace da wannan. A babin haya sun bayyana cewa abin da aka saya da kuɗin haya shi ne amfanin gida, saboda haka gyaran da ya shafi ginin kansa nauyin mai shi ne, kuma idan aibi ya bayyana wanda ke cutar da mazauni, ɗan haya yana da zaɓin warware yarjejeniya. Shi kuma ɗan haya amintacce ne a kan abin da ke hannunsa, ba ya biyan asara sai idan ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wani gida ya ƙone da mutanensa da dare a Madina, sai Manzon Allah (SAW) ya gargaɗi sahabbai game da wuta, ya umarce su da kashe ta idan za su kwanta. Rufe kan tukunyar gas kafin barci yana cikin ma'anar wannan umarni.

Abin da ke kan maigida

Na farko shi ne wurin girki. Wanda ya ba iyali ɗaki ba tare da ya nuna musu inda za su dafa abinci ba, shi ya tura su girki a ɗakin kwana. Rumfar kwano a gefen tsakar gida, mai inuwa da iska ta kowane ɓangare, ba ta kai kuɗin hayar ɗaki ɗaya na shekara ba. Inda akwai madafa ginanniya, a huda mata mashigar iska ta ƙasa kusa da daɓe, tunda ƙasa gas ke kwanciya.

Na biyu, wayoyin lantarki. Soket da ya ƙone, ko waya tsirara da aka ɗaure da leda, su ne ashanar da gas ke jira. Gyaransu na maigida ne, kuma a kira ma'aikaci mai lasisi.

Na uku, mafita. Tagogi masu ƙarfen tsaro da ƙofar waje da ake garƙamewa da kwaɗo suna hana ɓarawo shiga, suna kuma hana mutanen gida fita. Ya kamata kowane magidanci ya san inda mabuɗi yake, kada a toshe zaure da babura da buhunan gawayi.

Na huɗu, a gidajen da maigida ya sa murhu ko ya ja bututu ta bango zuwa tukunyar da ke waje, kamar sababbin gidajen ma'aikata da ɗakunan ɗalibai, dubawa da gyara duk nasa ne. Ya sa masani ya duba kafin sabon ɗan haya ya shiga, sannan sau ɗaya a shekara. Ya tanadi abin kashe wuta na hoda a inda hannu zai kai. Jami'an hukumar kashe gobara suna zuwa su duba gini su ba da shawara idan an gayyace su.

Na biyar, a rubuta. Addini ya kwaɗaitar da rubuta mu'amala. Layi uku a takardar haya sun isa: inda za a ajiye tukunya, wanda zai gyara me, da ranar da maigida zai zagayo dubawa bayan ya nemi izini.

Abin da ke kan ɗan haya

Tukunya ta tsaya a tsaye, a inuwa, nesa da kurfoti. Tiyon da ya tsattsage ko ya bushe a canja shi, kada a naɗe shi da leda. Kan da ake ɗaurawa a bakin tukunya, wato regileta, idan ya saki, ba a danne shi da dutse ko bulo kamar yadda wasu ke yi, sabo ake saye. A duba yoyo da ruwan sabulu: inda kumfa ta taso, nan gas ke fita. Ba a gwadawa da ashana. Tukunyar da tsatsa ta ci gindinta ta gama aikinta. A koya wa yara da 'yan aiki kunnawa da kashewa, kuma duk aibin da aka gani a gini a sanar da maigida da wuri.

Idan aka ji warin gas, kada a taɓa makunnin lantarki, ko don kunnawa ko don kashewa. A rufe kan tukunya, a buɗe ƙofofi da tagogi, a fitar da yara, a gaya wa maƙwabta su kashe wutarsu. Daga waje ake kiran 'yan kwana-kwana, a lamba 192 ko 112. Wanda ya ƙone a zuba wa wurin ruwa mai sanyi na kimanin minti 20, kada a shafa man goge baki ko ƙwai, sannan a garzaya da shi asibiti.

Idan maigida ya ƙi gyara bayan an yi masa magana cikin ladabi, a nemi limamin unguwa ko sarkin zango su shiga tsakani. In hakan bai yi ba, ofishin kula da haya yana karɓar ƙorafi. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Muna kira ga masu gidaje da 'yan haya su zauna tare kafin zafin bazara ya kama, su zagaya ɗaki-ɗaki su duba tukwane da tiyo da wayoyi. Allah Ya tsare mu da iyalanmu daga gobara, Ya ba mu ikon sauke haƙƙin juna, amin.