Mai Duba Rubutu Kafin Aiki: Yadda Ake Kama Kuskuren Manhaja Tun Tana Kan Takarda

Ran 4 ga watan Yuni, 1996, aka harba sabon roka mai suna Ariane 5 daga Kourou, a yankin Guyana ta Faransa, yana ɗauke da taurarin bincike guda huɗu. Bai wuce kimanin daƙiƙa 40 da tashi ba sai ya kauce hanya ya tarwatse, aka yi asarar ɗaruruwan miliyoyin daloli. Kwamitin da aka naɗa ƙarƙashin Farfesa Jacques-Louis Lions ya gano cewa laifin yana cikin rubutun umarnin kwamfuta ne. An ɗauko wani sashe daga tsohon roka Ariane 4, wanda ke zuba wata lamba cikin gurbin da ba ya ɗaukar abin da ya wuce 32,767. Da yake sabon rokan ya fi na dā gudu, sai lambar ta fi ƙarfin gurbin, kwamfutar ta tsaya. Ta biyun da aka ajiye don ko-ta-kwana ita ma ta tsaya, don kuwa rubutu ɗaya ne a cikinsu.

Irin wannan aibu ne ake nema da abin da masana ke kira manhajar tantance rubutun umarni. Aikinta shi ne karanta abin da marubucin manhaja ya rubuta, layi bayan layi, ba tare da an kunna shi ba. Ma'aikacin Gwamnati zai fi gane ta in ya tuna da odita, wanda ke duba takardar biya kafin kuɗi su fita daga baitulmali. Odita ba ya jira sai an yi asara. Da ya ga lissafi bai daidaita ba, ko sa hannu bai cika ba, sai ya mai da takarda tare da tuhuma.

Asalin Lint

A shekarar 1978 Stephen Johnson na ɗakin bincike na Bell a Amurka ya rubuta wata ƙaramar manhaja don duba rubutun harshen C, ya sa mata suna Lint, watau ɓurɓushin zaren nan da ke maƙalewa a jikin tufa. A 1979 ta fita tare da bugu na bakwai na Unix. Dalilin rubuta ta kuwa shi ne, tafintan da ke juya rubutun mutum zuwa harshen na'ura a wancan zamani ba ya yawan tambaya: muddin nahawu ya yi daidai, sai ya wuce. Ita kuwa Lint takan tsaya ta nuna gurbin da aka karanta alhali ba a zuba kome a ciki ba, da layin da babu hanyar da aiki zai taɓa isa gare shi, da wurin da aka miƙa wa wani sashe abin da ba irinsa yake jira ba. Sunan ya bi jikokinta har yau, kamar Pylint ta harshen Python, da ESLint ta harshen JavaScript wadda Nicholas Zakas ya fara a 2013.

Akwai kuma masu zurfi, waɗanda ke bin lissafi don su tabbatar da iyakar kowace lamba. Tushensu aikin Patrick Cousot da Radhia Cousot ne na 1977 a Faransa. Daga nan aka samu Astrée, wadda a 2003 ta tabbatar da cewa manhajar sarrafa tashin jirgin Airbus A340 ba ta da kuskure irin wanda ya kā da Ariane 5.

Saita Ta Shi Ne Rabin Aiki

Mallakar manhajar ba ta wadatar, sai an saita ta. A watan Fabrairu na 2014 kamfanin Apple ya gyara wani aibu a wayoyinsa da kwamfutocinsa, inda aka maimaita layi ɗaya sau biyu, har ya sa ana tsallake binciken da ke tabbatar da cewa shafin intanet na gaskiya ne. Layukan binciken sun zama waɗanda aiki ba ya isa gare su, irin abin da Lint ta san shi tun 1978. Amma a wasu tafintoci wannan faɗakarwa a kashe take, sai wanda ya nema ya kunna.

Saboda haka mataki na farko shi ne ma'aikata su zauna su yarda da ƙa'idoji, su rubuta su cikin fayil ɗaya da za a ajiye tare da rubutun manhajar, don kada kowa ya riƙa auna aiki da nasa mudun. Mafi sauƙi a fara da jerin ƙa'idojin da masu manhajar suka ba da shawara, sa'an nan a ƙara ko a rage gwargwadon bukata.

Na biyu shi ne a ba kowace ƙa'ida nauyinta. A ESLint matsayi uku ne: 0 a kashe, 1 gargaɗi, 2 kuskure. Abin da ke iya jawo asara ko ɓarakar tsaro a sa shi a matsayin kuskure, yadda ba za a karɓi aiki ba sai an gyara. Abin da ya shafi kyan tsari kawai, kamar tsawon layi, a bar shi a gargaɗi. In aka cuɗa su wuri guda, sai babban laifi ya ɓace cikin ƙananan.

Na uku ya shafi tsohuwar manhaja. Ranar da aka fara duba ta, faɗakarwa na iya fitowa dubbai, har ma'aikata su karaya su kashe abin gaba ɗaya. Dabara ita ce a lissafa tsofaffin a ajiye, a hana sababbi shiga, sa'an nan a riƙa rage tsofaffin kaɗan-kaɗan.

Na huɗu, kada a bar binciken ga tunawar mutum. A haɗa shi da ma'ajiyar aiki yadda zai gudana da kansa duk sa'ad da aka kawo canji. Ƙa'idoji goma da Gerard Holzmann na hukumar NASA ya wallafa a 2006 sun bukaci a duba rubutu kowace rana, kuma kada a bar faɗakarwa ko ɗaya.

Iyakarta

Tun 1953 Henry Rice ya nuna ta hanyar lissafi cewa babu manhajar da za ta iya faɗin halin kowace manhaja daidai a kowane lokaci. Don haka dole wani lokaci ta yi ƙarar marar laifi, wani lokaci kuma mai laifi ya kuɓuce mata. In ta yi ƙarar banza, akwai damar rufe mata baki a kan wannan layi kaɗai, amma wajibi ne a rubuta dalili a gefe, kamar yadda jami'i ke rubuta bayani a fayil kafin ya ƙetare ƙa'ida, don wanda zai gaje shi ya san abin da ya faru.

Har ila yau ba ta san nufin mai aiki ba. Alal misali, a 2020 Nijeriya ta ɗaga harajin VAT daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari. Manhajar da har yanzu ke lissafi da kashi 5 za ta wuce bincike lafiya lau, don rubutunta ba shi da aibu. Dokar ce ta sauya. Wannan sai gwaji da idon mutum.

Ya kamata ɗalibi ya saba da ita tun aikinsa na farko, yana karanta dalilin kowace faɗakarwa kafin ya gyara, don kuwa malami ce da ba ta gajiya. Jami'in da zai karɓi manhajar albashi ko ta haraji daga ɗan kwangila kuma, yana da haƙƙin ya tambaya: da me aka duba ta, waɗanne ƙa'idoji aka kunna, waɗanne aka kashe, kuma don me? Amsar da aka ba shi a rubuce ta shiga fayil kafin a sa hannu a takardar biya.