Kullen korona a Faransa: me ya hana magajin gari raba wa ƴan kasuwa kuɗi?

A yammacin Asabar 14 ga watan Maris na 2020, firaministan Faransa na lokacin, Edouard Philippe, ya sanar cewa daga ƙarfe 12 na dare za a rufe gidajen abinci, da wuraren shan kofi, da gidajen silima, da duk kantin da ba na kayan masarufi ba. Ranar 17 ga watan aka kulle ƙasar baki ɗaya. Mai aski, da tela, da mai sayar da takalma suka wayi gari ba ciniki, ga kuɗin haya na jira, ga bashin kaya, ga albashin yaran shago.

Ƙofar da da yawansu suka fara ƙwanƙwasawa ita ce ta magajin gari. Faransa na da ƙananan hukumomi, wato komin, kusan 35,000, kuma a mafi yawansu magajin gari maƙwabci ne, ya san kowane kanti da mai shi. Sai dai amsar da suka samu ba ta yi musu daɗi ba: ko da akwai kuɗi a asusun meri, doka ba ta ba shi damar ya ɗebo ya miƙa wa ɗan kasuwa kai tsaye ba.

Dokar da ta ɗaure hannun meri

Tsarin mulkin yankuna a Faransa ba baƙo ba ne ga ɗan Nijar, don daga can aka kwaso namu: jiha a sama, gunduma a tsakiya, komin a ƙasa. Wata doka ta 7 ga Agustan 2015, da ake kira NOTRe, ita ta raba musu aiki. Ta ce tallafin kuɗi ga kamfanoni da ƴan kasuwa hurumin jiha ne ita kaɗai. Gunduma, wadda a da take iya sa hannu a kusan komai, an karɓe mata wannan dama. Komin kuwa an bar mata abin da ya shafi fili da gini da hayar wurin sana'a. In tana son ta wuce nan, sai ta ƙulla yarjejeniya da jiha ta zuba kuɗinta cikin tsarin da jihar ta tsara.

Dalilin dokar ba na banza ba ne. An so a hana gari mai arziki ya janye kamfanoni daga gari maras ƙarfi da kyautar kuɗi, a kuma rage yawan hannayen da ke raba dukiyar jama'a. Amma an rubuta ta ne a lokacin zaman lafiya. Da annoba ta zo, sai ya zamana wanda ya fi kowa sanin wahalar ɗan kasuwa shi ne wanda ya fi kowa ƙarancin iko. Ƙari a kan haka, an yi zagayen farko na zaɓen ƙananan hukumomi ranar 15 ga Maris, zagaye na biyu kuma bai samu ba sai 28 ga Yuni. A manyan garuruwa da yawa, magajin garin da wa'adinsa ya ƙare ne ya ci gaba da riƙon kujera cikin watannin da suka fi tsanani.

Yuro 1,500 ta hannun ofishin lambo

Babban tallafin ya fito ne daga wani asusun haɗin kai da gwamnati ta kafa ranar 25 ga Maris na 2020. Gwamnatin tsakiya ce ta zuba kaso mafi girma, jihohi suka sa yuro miliyan 500, kimanin sefa miliyar 328, kamfanonin inshora kuma miliyan 400. Kyauta ce, ba bashi ba.

A matakin farko, mai ƙaramar sana'a na iya karɓar har yuro 1,500 a wata, wato kimanin jika 984. Sharuɗɗan a farko su ne: ma'aikatansa kada su wuce 10, cinikinsa na shekara kada ya kai yuro miliyan ɗaya, ribarsa kada ta haura yuro 60,000, sannan ko dai hukuma ce ta rufe shi, ko cinikinsa na Maris 2020 ya faɗi idan aka gwada da na Maris 2019. Da farko an ce sai faɗuwar ta kai kashi 70 cikin 100. Ƙorafi ya yi yawa, cikin ƴan kwanaki aka sauko zuwa kashi 50.

Abin da ya sa kuɗin suka yi sauri shi ne hanyar da aka bi da su. Ba a buɗe sabon ofishi ba, ba a kafa kwamitin tantancewa unguwa-unguwa ba. An ɗora aikin a kan hukumar karɓar haraji. Ɗan kasuwa zai shiga shafin intanet ɗin da ya saba bayyana lambonsa, ya rubuta lambar rajistar sana'arsa, da cinikin bara, da na bana, da lambar asusunsa na banki, cikin kwanaki kaɗan kuɗi su faɗo. Ofishin da ya saba karɓa shi ya koma mai bayarwa, saboda shi ke da sunan kowa da lissafin kowa. Kimanin kamfanoni da masu sana'a miliyan 2 suka ci moriyar asusun, abin da aka kashe kuma ya haura yuro miliyar 30 kafin a rufe shi.

Mataki na biyu shi aka bar wa jihohi, daga tsakiyar Afrilu: ƙarin yuro 2,000 zuwa 5,000 ga wanda ke dab da durƙushewa. Nan ne tafiya ta yi nauyi. Sai mutum ya riga ya samu na farko, yana da ma'aikaci aƙalla ɗaya, ya nuna ba zai iya biyan basussukan da ke kansa cikin kwana 30 ba, sannan ya nuna cewa banki ya hana shi rance. Wanda ke aiki shi kaɗai, kuma irinsa ne suka fi yawa, an bar shi waje a farko. Daga baya an sassauta, amma waɗanda suka samu wannan mataki ba su kai ko kusa da na farkon ba.

Gundumar da aka kai kotu

Wasu shugabannin yankuna ba su haƙura ba. Majalisar gundumar Ardennes, a kan iyaka da Beljiyam, ta amince da nata tsarin tallafa wa ƴan kasuwa. Prefe, wakilin gwamnati a gundumar, ya garzaya kotun harkokin mulki da ke Châlons-en-Champagne, a watan Yuni na 2020 kotun ta dakatar da shirin, bisa hujjar cewa ba hurumin gunduma ba ne. Cikin watan ne gwamnati ta buɗe ƴar ƙofa: gunduma ko komin na iya ƙara yuro 500 zuwa 3,000 ga ƴan kasuwar yankinta, amma ta cikin asusun ƙasa, kuma ga waɗanda suka cika sharuɗɗan mataki na biyu kaɗai.

Jihar Grand Est, inda cutar ta fara tsananta a birnin Mulhouse, ta bi wata dabara da ta yi kama da adashi. Shugaban jihar na lokacin, Jean Rottner, likitan gaggawa ne kafin ya shiga siyasa. An yi lissafin yuro 2 a kan kowane mazaunin jihar, jiha ta zuba, gundumomi suka zuba, haɗakar komin-komin suka zuba, bankin gwamnati mai kula da yankuna shi ma ya zuba daidai da haka. Aka tara yuro miliyan 44, kusan sefa miliyar 29. Tun da jiha ce ke riƙe da asusun, ba a taka doka ba, kowa kuma kuɗinsa na komawa yankinsa. Jihar Île-de-France, inda Paris take, ta kafa irinsa na yuro miliyan 100.

Akwai abin lura a nan, wanda sanarwar hukumomi ba ta cika jaddadawa ba. Waɗannan asusai na jihohi yawancinsu rance ne maras ruwa, da ake fara biya bayan an ɗaga wa mutum ƙafa na wani lokaci. Kalmar "tallafi" ta rufe duka biyun, kyauta da bashi, kuma mai gidan abincin da ya karɓa a bazarar 2020 bai san za a sake rufe shi daga ƙarshen Oktoba har tsakiyar Mayun 2021 ba.

Abin da ke hannun magajin gari

To me ya rage wa meri? Abin da take da iko a kansa: ƙasa, da gini, da kuɗin da take karɓa. Garuruwa da dama sun yafe kuɗin wurin zama a kasuwa, da kuɗin da mai gidan abinci ke biya don ya jera tebura a bakin titi. Inda meri ce mai ginin, an yafe haya na watanni. Birnin Paris ya bar masu gidajen abinci su faɗaɗa zuwa gefen titi da wuraren ajiye motoci kyauta, tun daga Yunin 2020. Wasu garuruwan suka buga takardun sayayya da ba a kashe su sai a kantunan garin, meri na biyan wani kaso. Da aka rufe kasuwannin fili a ƙarshen Maris, magajin gari ne ke rubuta wa prefe ya roƙi a buɗe ta garinsa, kuma da yawa sun samu.

Sai batun patanti. A Faransa an daɗe da sauya mata suna, harajin da ya gaje ta yanzu ana kiransa CFE, kuma komin da haɗakarsu ke cin kuɗinsa. A Yulin 2020 doka ta ba su damar yafe kashi biyu cikin uku na wannan haraji ga masu otal, da gidajen abinci, da harkar yawon buɗe ido, da wasanni, da al'adu, gwamnati ta ɗauki rabin asarar. Ba tilas ba ne, kowace majalisa ta yanke wa kanta, kuma ba duka suka yi ba, don su ma kuɗin shigarsu ya ragu. Yafe kuɗi ba ya kawo hayaniya kamar rabon kuɗi, ba a ɗaukar hotonsa, amma ga mai tebur a kasuwa lissafin ɗaya ne a ƙarshen wata.

Ƙungiyoyi

Ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, waɗanda dokar 1901 ta tsara, sun haura miliyan ɗaya a Faransa: kulob ɗin ƙwallon unguwa, ƴan wasan kwaikwayo, masu raba abinci ga mabuƙata, masu koya wa baƙi Faransanci. A kansu hannun magajin gari a sake yake, don meri ta saba ba su tallafin shekara. Wata doka ta 1 ga Afrilun 2020 ma ta ba shi damar sa hannu a kan tallafin ba tare da jiran zaman majalisa ba. A watan Mayu firaminista ya umurci ma'aikatun gwamnati kada su ƙwace tallafin da aka riga aka bayar don wani aikin da annoba ta hana yi, ya kuma nemi yankuna su yi koyi.

Asusun haɗin kai kuwa bai karɓi kowace ƙungiya ba, sai mai ma'aikaci aƙalla ɗaya ko mai biyan harajin kasuwanci. Mafi yawan ƙungiyoyi da ƴan sa-kai suke aiki, don haka ba su shiga ba, duk da cewa kuɗin membobi da na bukukuwan da suke rayuwa a kai sun tsaya cak. A Grand Est an ware wa ƙungiyoyi rancen da zai iya kai yuro 30,000. Sai a Janairun 2021 gwamnati ta fito da wani asusu na yuro miliyan 30 don ƙananan ƙungiyoyi masu ma'aikata 1 zuwa 10, ana ba da kyautar yuro 5,000 ko 8,000.

Duk waɗannan ƙofofi, babba da ƙarama, mabuɗinsu ɗaya: lambar rajista, da lissafin bara a rubuce, da asusun banki. Mai wanke kwanoni a bayan gidan abinci ba da kwantiragi ba, ko mai talla a bakin tashar jirgin ƙasa, cikinsu har da ƴan Afirka da yawa marasa takardun zama, ba sa cikin kundin kowa. Su sai layin karɓar abinci na ƙungiyoyin agaji, waɗanda su kansu ke neman agaji a lokacin.

Kulle na biyu

Ranar 30 ga Oktoban 2020 aka sake kulle ƙasar. Ƙananan kantuna suka rufe, manyan kantunan zamani kuwa suka ci gaba da sayar da tufafi da littattafai da kayan wasan yara a gefen kayan abinci, ga bikin Kirsimeti na matsowa. Wannan karon wasu masu riƙe da garuruwa ba su tsaya kan batun kuɗi ba. A Perpignan, da Béziers, da Chalon-sur-Saône da wasu garuruwan, magajin gari ya sa hannu a kan takardar da ta ba kantunan garinsa izinin buɗewa. Prefe-prefe suka kai ƙara, kotuna suka dakatar da takardun ɗaya bayan ɗaya.

Amma ƙorafin ya isa Paris. Sabon firaminista, Jean Castex, ya hana manyan kantunan sayar da kayan da aka hana ƙananan, aka kuma ɗaga tallafin wata zuwa yuro 10,000, sama da sefa miliyan 6 da rabi, ga wanda hukuma ta rufe. Ƙananan kantuna sun sake buɗewa ranar 28 ga Nuwamba.