Gwiwa: Gaɓar Da Ke Ɗauke Da Nauyin Ɗan Adam

Duk cikin gaɓoɓin jikin ɗan Adam babu wadda ta kai gwiwa girma, amma sau da yawa ba a tunawa da ita sai ran da ta fara ciwo.

Ƙasusuwa uku ne suka haɗu a gwiwa, watau ƙashin cinya da na ƙwauri da kuma ƙoƙon gwiwa. Manyan jijiyoyi huɗu ne suka ɗaure ƙashin cinya da na ƙwauri. Biyu suna gefe da gefe don kada ƙafa ta karkace, biyu kuma sun gitta juna a tsakiya don hana ƙwauri zamewa gaba ko baya. Shi kuwa ƙoƙo, aikinsa ƙara wa tsokar cinya ƙarfi wajen miƙe ƙafa.

Bakin kowane ƙashi a lulluɓe yake da guringuntsi mai santsi. Har wa yau akwai wasu guringuntsi biyu masu siffar jinjirin wata, waɗanda suke zaune tsakanin ƙasusuwan tamkar gammo tsakanin kai da tulu. Wani ruwa mai yauƙi kuma shi ke hana su gugar juna.

Nauyin da ke sauka a wannan wuri ba kaɗan ba ne. Masana sun auna cewa sa'ad da mutum ke tafiya, gwiwarsa takan ɗauki nauyin jikinsa ninki biyu zuwa uku a kowane taku, wajen hawa ko saukar bene kuwa ya fi haka.

Abin lura shi ne, guringuntsin da ya lulluɓe ƙashi ba shi da hanyoyin jini. Don haka idan ƙashi ya karye akan yi ɗori ya haɗe, amma idan guringuntsi ya cinye da wuya ya komo. Tun a 1743 wani likita a Landan mai suna William Hunter ya bayyana haka. Cinyewar nan ita ce tushen amosanin gaɓɓai da ke hana dattawa da yawa durƙuso da tafiya mai nisa.

Sai dai akwai abin yi. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2005 ya nuna cewa duk kilo 1 da mai ƙiba ya rage, gwiwarsa ta huta da kimanin kilo 4 a kowane taku. Likitoci na kuma ba da shawarar ƙarfafa tsokar cinya ta hanyar motsa jiki. Wanda gwiwarsa ta kumbura, ko ta riƙe, ko take gocewa, lalle ne ya garzaya asibiti tun kafin abin ya yi nisa.