INA ZA MU AJIYE RARAR KUƊINMU?

'Yan'uwa mutanen Tama, Buza, Keita da Madawa, wannan magana tamu ce. Wani yana samun kuɗin albasa. Wani ɗansa yana ci-rani a Abijan ko Najeriya, yana aiko masa da kuɗi kowane wata. Idan an ci, an sha, an biya bashi, wani lokaci jika biyu ko biyar sukan rage. Kuɗin da aka ɓoye a ɗaki ba su da tsaro. Gobara tana ci, gara tana ci, ɓarawo yana ɗauka. Ga kuma biki da suna.

Kafin ka zaɓi wurin ajiya, tambayi kanka: yaushe zan bukaci kuɗin nan?

1. KUƊIN GAGGAWA

Ciwo ba ya sallama. Kuɗin magani da na mota zuwa likita su zauna kusa da kai. Ana iya sa su cikin waya, kamar Airtel Money. Amma ana yankar wani abu wajen cirewa, kuma kuɗin ba sa ƙaruwa. Lambar sirrinka taka ce kai kaɗai. Kada ka faɗa wa wanda ya kira ka ya ce ka ci kyauta.

2. KUƊIN DAMINA

Waɗannan su ne kuɗin iri, taki da hatsin da za a ci lokacin noma. Adashi yana da amfani a nan, in an shirya kwasarka ta faɗo kafin shuka. Akwai kuma ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991. Mata suna zubi kowane mako cikin akwati, suna ba juna rance, sannan su raba kuɗin lokacin da suka tsaida. Ƙarfin wannan hanya amana ce. A riƙa ƙirga kuɗi gaban kowa, a rubuta.

3. KUƊIN NESA

Kuɗin sayen saniya, injin ban-ruwa ko karatun yara, banki ya fi dacewa da su. Ajiya iri biyu ce. Akwai ta shige da fice, ta 'yan kasuwa da ma'aikata, wadda ake cire mata kuɗin kulawa. Akwai ta tanadi, mai ɗan littafi. Ita ce ta dace da manomi. Tun 2014 babban bankinmu BCEAO ya ce buɗe ajiya da ba da littafin tanadi kyauta ne. Ajiyar tanadi tana ƙaruwa da 3 da rabi cikin 100 a shekara: jika 100 za su haifi jika 3 da rabi. Wanda ba ya son kuɗin ruwa, akwai Bankin Musulunci na Nijar, BIN. Ka tafi da katin ɗan ƙasa da hotuna. Ka lissafa kuɗin mota zuwa Tawa, kada su cinye ribar. Gara ka tara na wata uku ka kai gaba ɗaya.

A YI HATTARA

Dattawa suna tune da bankin BDRN da ya rushe a 1990. Yanzu akwai asusun lamuni na ƙasashen sefa na yammacin Afirka. In banki ya faɗi, ana biyan mai ajiya har miliyan 1 da jika 400. In asusun ajiya da rance ne da ke cikin wannan lamuni, har jika 300. Don haka ka tambaya ko wurin yana da izinin gwamnati. Wanda ya ce zai ninka maka kuɗi cikin wata ɗaya, macuci ne.

Kai da ka koyi karatu, karanta littafin ajiyarka da kanka. Duba kwanan wata da adadin kuɗi kafin ka sa hannu. Ka fara da ko jika ɗaya a wata, gama da yayyafi kogi kan cika.