Gidan Mari na Rigasa da Amanar 'Ya'yan Mutane

A watan Satumba na shekara ta 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a unguwar Rigasa, cikin garin Kaduna, wanda ake kira makarantar gyaran hali. Suka tarad da mutum fiye da 300 a kulle, manya da yara ƙanana, waɗansu da mari a ƙafa, waɗansu bayansu duk shatar bulala. A cikinsu har da waɗanda aka kawo daga ƙasashen maƙwabta. Aka kama mutum 7, aka kwashe waɗanda aka kuɓutar zuwa sansanin alhazai don danginsu su zo su gane su. Ba a yi wata guda ba sai ga irin wannan gida an buɗe a Daura.

Abin da ya fi ban tausayi shi ne, ba sace yaran nan aka yi ba. Iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, suna tsammanin Alƙur'ani ake koya musu. Sun ba da amana, sa'an nan aka rufe ƙofa, ba wanda ya ƙara leƙawa.

To, a nan ne gidan mari ya saɓa wa tsangaya ta asali. Karatun allo a sarari ake yinsa, a zaure ko a bakin wuta da dare, duk mai wucewa yana gani yana ji. Almajiri yana da uwar ɗaki a cikin gari, wadda in ya rame ko ya yi kwana biyu bai zo ba za ta tambaya. Mai unguwa ya san malamin da ya sauka ci-rani, ya san inda ya fito, kuma da damina ta faɗi malam ya koma gida da yaransa, iyaye su gan su. Watau idanu da yawa ne ke kan yaro guda. Malami mai tsoron Allah bai taɓa jin nauyin waɗannan idanu ba. Azzalumi ne kaɗai ke bukatar dogon bango.

Hukuma ta yi nata dokoki. Akwai dokar haƙƙin yara ta Tarayya ta 2003, kuma a 2023 aka kafa hukumar kula da karatun almajirai da yaran da ba su zuwa makaranta. Amma doka tana Abuja, yaro kuwa yana unguwa.

Saboda haka wajibi ne kowace makaranta ta riƙe littafi mai sunan kowane yaro, da na ubansa, da garinsu, da lambar waya. Uba ya iya ganin ɗansa ran da ya ga dama, ba tare da an tsaya musu a ka ba. Kada babba ya keɓe da yaro a ɗaki rufe, ko da gardi ne da malam ya yarda da shi, domin ɓarna sau da yawa daga na kusa take fitowa. Kuma yaro ya san wani mutum, ban da malaminsa, wanda zai kai wa kuka.

'Yan kasuwa ma maganar ta shafe su. Yaron shago da aka ɗauko daga ƙauye, da yarinyar da dillaliya ta kawo aikatau tana karɓe ladanta duk wata, su ma a hannun amana suke, kuma galibi ba wanda ya rubuta sunan ubansu.