Minshari da Taimakon Likitan Haƙori

Kowa ya san minshari. Yara su yi dariya, manya su ce gajiya ce. Sau da yawa haka ɗin ne. Amma akwai wani irin minshari wanda ciwo ne sosai. Mai shi ba ya sani, gama yana barci sa'ad da abin ke faruwa. Wanda ke kwana kusa da shi ne ya sani.

Ran nan wata mata ta zo disfensari tare da mijinta, direban babbar mota. Ta ce mini, "Malam, maigidan nan in ya kwanta sai ya yi ta minshari. Can sai a ji ɗif, kamar rai ya fita. Sai na taɓa shi, ya yi firgigit ya ja numfashi." Shi kuwa ya ce lafiyarsa lau, sai dai gyangyaɗi ya kan kama shi bisa hanya. To, wannan gyangyaɗi shi ya tayar mini da hankali, domin rayukan mutane suna hannunsa.

Abin da ke kawo shi

In mutum ya yi barci, jikinsa duk ya kan saki, har da harshe da naman maƙogwaro. In ya kwanta rigingine, haɓa ta koma baya, harshe ya bi ta, hanyar iska ta ƙuntata. Iska na kutsawa, nama na kaɗawa, shi ne ƙarar da muke ji. In hanyar ta toshe sarai, sai numfashi ya tsaya.

A asibiti a kan gwada mutum yana barci. A ƙirga sau nawa numfashinsa ya tsaya ko ya ragu ƙwarai har sakan 10 ko fi. Sau 5 zuwa 14 cikin awa guda, ciwon ƙarami ne. Sau 15 zuwa 29, matsakaici. Sau 30 ko fi, mai tsanani. Duk sa'ad da numfashi ya tsaya, iskar da ke cikin jini ta kan ragu, zuciya ta wahala. In an daɗe a haka, ya kan jawo hawan jini, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki.

Ku lura da waɗannan alamu: minshari mai ƙarfi kowane dare, shaƙewa cikin barci, tashi da ciwon kai da bushewar baki, yawan fitsarin dare, da gyangyaɗi da rana tsaka.

Ina ruwan likitan haƙori?

Gwada wannan da kanka. Kwanta rigingine, ka saki haɓarka, ka yi ƙarar minshari. Sa'an nan ka tura haƙoran ƙasa gaba, su wuce na sama, ka sāke gwadawa. Za ka ji ƙarar ta ragu. Dalili kuwa, harshe a manne yake da muƙamuƙin ƙasa. In muƙamuƙi ya yi gaba, harshe ya bi shi, hanya ta buɗe. Tun a 1923 wani likitan baki na Faransa, Pierre Robin, ya bayyana yadda harshe ke faɗawa baya ya tare numfashi.

Likitan haƙori ya kan ɗauki siffar haƙoranka da wani abu mai laushi kamar yumɓu. Da ita ake yin abin sawa a baki na roba mai tauri, daidai bakinka. Ka sa shi da dare, ka cire da safe, ka wanke. Aikinsa ya riƙe muƙamuƙin ƙasa a gaba kaɗan, abin da bai kai faɗin ƙaramin yatsa ba. Ya fi amfani ga mai minshari zalla, da mai ciwo ƙarami ko matsakaici.

Mai ciwo mai tsanani, injin hura iska ta hanci ya fi masa. Likita Colin Sullivan na Ostareliya ne ya bayyana shi a 1981. Amma injin yana bukatar lantarki dukan dare. Abin sawa a baki kuwa ba ruwansa da wuta, ya kan shiga aljihun matafiyi.

Da fari za a ji miyau ya yi yawa, muƙamuƙi ya yi tsami da safe. Yawanci wannan ya kan wuce. In shekaru suka tura, haƙora su kan ɗan gusa, saboda haka a riƙa komawa likita ya duba, ko da sau ɗaya a shekara.

Ga babbar magana: a jikin haƙora abin nan ke kamawa. Wanda yawancin haƙoransa suka zube, ko suna girgiza, ko dasashinsa na jini, ba zai zauna masa ba. Don haka ku riƙa goge haƙora safe da dare, da asawaki ko buroshi da man goge baki.

Abin da za a yi a gida

1. A kwanta ta gefe. A ɗinka ƙwallon goruba a bayan rigar barci, ya hana juyawa rigingine.
2. Mai ƙiba ya yi ƙoƙarin rage ta.
3. A bar taba da giya, da ƙwayar sa barci wadda likita bai rubuta ba.
4. Kada a kai wa wanzami ya cire belu saboda minshari. Ba zai hana harshe faɗawa baya ba, ga kuma haɗarin zubar jini da shigar cuta.
5. Abin sawa a bakin nan na manya ne. Yaron da ke minshari kullum, baki buɗe, a kai shi asibiti a duba hancinsa da maƙogwaronsa.

Direban nan na auna jininsa, na rubuta masa takarda zuwa babban asibiti. Na kuma ce in gyangyaɗi ya zo, ya tsai da mota ya huta. Uwargida, in kin ji numfashin maigida yana ɗaukewa, kada kunya ta hana ki faɗi. Ke ce shaida. Ku zo tare, mu nuna muku hanya.