Raha da Kare Haƙƙin Ɗan Adam a Ƙasar Mayahi da Tasawa

Masu wayar da kai kan haƙƙin ɗan Adam a jihar Maraɗi sun daɗe da gane cewa takarda da jawabi ba sa kai saƙo ƙauye kamar yadda wasan kwaikwayo na ban dariya ke kai shi, domin yawancin manya a karkarar Mayahi da Tasawa ba su yi karatun boko ba, kuma a tarbiyyar Bahaushe fitowa fili a gaya wa babba laifinsa rashin kunya ne, alhali ɗan kama, wato mai sana'ar ban dariya a kasuwa da wajen biki, yana kwaikwayon maigari ko alƙali mai cin hanci a gaban jama'a ba tare da an riƙe shi da laifi ba. Tun zamanin mulkin Seyni Kountché, wanda ya fara a 1974, ƙungiyoyin samariya da 'yan wasa irin su Yazi Dogo suka saba wa jama'ar Nijar da ganin ana tsokanar ma'aikacin gwamnati azzalumi da Hausa, sai dai ba a taɓa su kansu masu mulkin ba.

Tushen da ya fi wannan zurfi shi ne taubasantaka, wato dangantakar wasa tsakanin ɗan mace da ɗan namiji, wadda ta faɗaɗa ta haɗa al'ummomi, kamar Gobirawa da Katsinawa, Fulani da Barebari, ko maƙera da Buzaye. Ƙa'idarta ita ce abokin wasa yana faɗin abin da ya ga dama, wanda aka tsokana ba ya fushi, kuma zubar da jini a tsakaninsu babban abin kunya ne. A watan Muharram ake karɓar kuɗin shara, ɗan abin da taubashi ke bai wa taubashinsa bayan an sha zolaya, kuma a 2014 hukumar UNESCO ta sanya wannan al'ada ta Nijar cikin gadon al'adun duniya. Amfaninta ya fi bayyana a rikicin manoma da makiyaya, wanda jihar ta ɗanɗana ɗacinsa a Toda cikin Oktoban 1991, inda aka kashe Fulani fiye da 100, akasarinsu mata da yara. Idan shanu suka shiga gona kafin a kwashe gero, ko manomi ya cinye burtali da garma, abokin wasa na iya kwantar da hankula har a zauna a gaban hakimi, ko da yake tantance iyakar gona da ƙiyasta ɓarna aiki ne na kwamitocin filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada, raha ba ta ɗauke musu shi.

Raunin raha kuwa yana cikin gida, inda aka fi tauye haƙƙi. Bahaushe ya raba dangi gida biyu, na wasa da na kunya, kuma uba da suruki, waɗanda ke yanke shawarar aurar da yarinya, suna ɓangaren kunya, har ma mace ba ta kiran sunan mijinta. Binciken lafiyar al'umma na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na 'yan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, adadin da ya kai kashi 89 a jihar Maraɗi. 'Yan kallo suna iya shan dariya a dandali idan aka kwaikwayi tsoho mai neman 'yar firamare, su koma gida a ci gaba da shirin biki, domin abin da ke tura uba ga aurarwar, wato ƙarancin gona da tsoron abin kunya da nisan makarantar sakandare, yana nan inda yake. Cikin manyan gida, kaka ce ke da lasisin wasa da jika, kuma ba kasafai marubutan waɗannan wasanni ke ba ta matsayin da ya dace da ita ba.

Akwai kuma zolayar da ke kiran abokin wasa bawa, wadda ba ta da nauyi tsakanin Bagobiri da Bakatsine tun da kowa na rama wa kowa, amma tana da wata ma'ana dabam a kunnen wanda kakanninsa suka yi bauta ta gaske, a ƙasar da sai a 2003 ta mayar da bautarwa laifi mai hukunci, kuma kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta same ta a 2008 da gazawa wajen kare wata mace mai suna Hadijatou Mani daga bauta.